Talabijin Mai Gaisuwa

Wani ne a Tsiga ya sayo talabijin mai aiki da batirin mota daga Funtuwa. Bai kwana uku da ita ba ya ce a riƙa kiransa Injiniya. Wai talabijin ɗin kowa tashi take yi haka gaba-gaɗi, tasa kuwa ya koya mata ladabi.

Ladabin kuwa shi ne, ya jona komai a makunni ɗaya. Ka danna, hon ɗin babbar mota ya sanar da gari, fanka ta juya, ƙwan fitila huɗu su kama, rakoda ta gaida baƙi da muryarsa, sannan hoto ya biyo baya. Duk a batir guda.

Sanda, shugaban ƙungiyar manoma, yana neman mai kula da taraktar ƙungiya. Ya ce in ya ga wannan aiki da idonsa, makullin tarakta na Injiniya ne.

Ranar Asabar da la'asar ana nuna kokawa, zaure ya cika maƙil. Gogan naka ya gyara hula, ya danna. Hon ya tsorata awaki, fanka ta juya, rakoda ta ce, "Sannunku da zuwa." Gilashi ya yi fari, ya ƙifta, ya mutu.

Ya ce gwaji ne. Ya sake dannawa. "Sannunku da zuwa." Ɗif.

Ya ce eriya ce. Ya fita ya murɗa gorar eriya gabas, ya murɗa yamma, ya dawo jiƙe da gumi. Sau tara rakoda tana yi wa mutane sannu da zuwa, har tsofaffi suka gaji da amsawa.

Can sai ga matarsa Hansai da garin tuwo a hannu. Ta fizge wayar hon, ta fizge ta fanka, ta ƙwai, ta rakoda. Ta danna. Sai ga ƙarti biyu suna turnuƙu, tar a gilashi.

Ya ce, "Ke, wa ya koya miki?"

Ta ce, "Kullum ka tafi gona haka nake yi. In na ji tahowarka sai in mayar."

Gogan ya yi tari, ya ce ai tsarin ke nan, ya miƙa wa Sanda hannu.

Sanda ya zura makulli a aljihu, ya ce, "Haƙuri, Injiniya. Taraktar nan ba ta da matar da za ta bi bayanka tana cire waya."