Injiniya Maitama Ya Je Dubiya

Idan ana lissafin mutanen da Allah ya yi wa Hausawan Maryland ta Amurka baiwa da su, duk wanda bai fara da Injiniya Maitama ba ya ci amanar tarihi. Dogo ne, mai tumbi daidai da matsayinsa, mai tabaran da ba ya sawa sai zai yi jawabi. 'Yan hassada suna cewa bai taɓa zama a ajin injiniya ba, wai inshorar mota yake sayarwa a wani ofis a Gaithersburg. Gaskiya ne. Amma abin da suke ɓoyewa shi ne, a saman ofishin nasa akwai kamfanin injiniyoyi, kuma shekara da shekaru lifta ɗaya yake hawa da su. Ai zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Ilimi irin wannan matsalarsa guda ce, rashin wurin sauke shi. Ƙungiyar zumuntar da ta haɗa 'yan Najeriya da 'yan Nijar ba ta da aiki sai suna da biki da dubiya da jana'iza, kuma babu ɗaya a ciki da ke buƙatar injiniya. Haka bawan Allah ya yi ta haƙuri har watan Maris na 2011, lokacin da ƙasa ta girgiza a Japan, teku ya hau tudu ya share garuruwa, tashar nukiliya ta Fukushima ta lalace ta fara sakin tururi mai guba. Duk wanda ya ga hotunan a talabijin jikinsa ya yi sanyi. Mata suka yi ta salati, direbobin tasi suka rage surutu. Shi ma Maitama ya ji tausayi, kada a zalunce shi. Sai dai a ƙarƙashin tausayin akwai wani ɗan daɗi da ya kasa dannewa, domin abin nema ya samu.

Kafin mako ya zagayo ya kafa Kwamitin Ko-ta-kwana, ya naɗa kansa shugaba, ya kuma amince da naɗin ba hamayya. Ya sayo wata 'yar na'urar auna tururi ta intanet, ya rataye ta a wuya a kan babbar riga. Na'urar tana yin ƙas-ƙas a ko'ina, har a cikin aljihunsa, amma shi ya san wane ƙas ɗin ne na gaske. Samari suka laƙaba masa Farfesa Tururi. Da labari ya kai masa sai ya ɗauka ƙarin girma ne, ya ce a gaya musu ya gode.

Ranar Lahadi, a ɗakin ƙasa na wani shagon kayan Afirka a Wheaton inda ƙungiya ke taro, ya sa tabarau ya miƙe.

"Jama'a, ba na son in tayar muku da hankali, amma kusan dukkanku kun riga kun kamu. Shi wannan abin da mu masana muke kira radiation, ba a ganinsa, ba a jin warinsa, ba ya neman biza. Iska ce ke ɗauko shi. Daga yau ba cin kifi, ba shanya kaya a baranda. Duk wanda ruwan sama ya taɓa, ya kira ni kafin ya shiga gida."

Ya bi kayan shagon ɗaya bayan ɗaya da na'urarsa. Gari ya tsira, manja ya tsira, daddawa ta faɗi jarrabawa aka fitar da ita waje. Jama'a suka yi dariya a ciki, suka koma gida suka ci kifinsu. Da a nan ya tsaya, da babu wanda ya cutu sai mai shago.

To akwai wani dattijo a Landover, Malam Oumarou, mutumin Tawa ta Nijar, tsohon direban tasi. Shi ne ya ɗauko Maitama daga filin jirgi ranar da ya sauka ƙasar nan da akwati ɗaya da takalmin da bai san ƙanƙara ba. Shi ya shimfiɗa masa katifa a falo, matarsa Hajjo ta ciyar da shi, kwano ɗaya suke sa hannu har Maitama ya yi fiffike. Yanzu ciwon daji ya kwantar da Oumarou. An yi masa gashi a asibiti har an gaji, likitoci sun maido shi gida sun ce sai addu'a. Idonsa ya dushe, jinsa ya ragu, amma mutane ba su yanke ƙafa ba, kullum falon cike yake da 'yan dubiya. Shi kuwa duk wanda ya shigo, bayan an gaisa, tambayarsa ɗaya ce: "Ina Maitama?" So yake ya riƙe hannun yaron nan nasa kafin ya tafi, kuma kowa ya san tafiyar ta kusa.

A cikin lifta wahayin ya zo wa Injiniya. Ya tuna gashin da ake yi wa masu ciwon daji da irin wannan tururin ake yinsa. Ya kuma tuna Oumarou ya taɓa ba shi labari cewa da ƙuruciyarsa ya yi lebura a Arlit, inda ake haƙar yuraniyom. Kafin lifta ta kai ƙasa, Maitama ya gama bincike. Lahadi ta gaba ya sake sa tabarau.

"Muna ta kallon Japan, ashe Fukushima tana nan Landover. Malam Oumarou ubana ne, kowa shaida ne, ba wanda ya fi ni son sa. Amma science ba ta san uba ba. Mutumin da ya sha yuraniyom a Arlit, aka zo aka ƙara masa a asibiti, wannan ai tasha ce mai ƙafa biyu. Kakanninmu sun ce zumunta a ƙafa take, amma a lokacinsu babu waya. Daga yau dubiya ta koma ta waya, sai abin da kwamiti ya sanar."

Dakta Sa'adiya, likita ce a wani asibitin yankin, ta miƙe ta ce wannan magana ba ta da tushe, irin gashin da aka yi masa ba ya bin mutum gida, kuma ita kanta jiya ta riƙe hannunsa. Maitama ya yi mata murmushin da babba ke yi wa yaro.

"Hajiya Dakta, ke jiki kika karanta, mu kuwa inji muka sani. Kowa ya tsaya a layinsa."

Babu wanda ya ce ya yarda da shi. Amma tsoro ba ya jiran a yarda. Mai goyo ta ce bari dai ta ɗan dakata, mai ƙananan yara ya ce zai leƙa in an kwana biyu, wani ya fara ajiye kular abinci a bakin ƙofa ya danna ƙararrawa ya juya. Falon da a da ake rasa wurin ajiye takalmi ya koma daga Hajjo sai Dakta Sa'adiya sai tsofaffin direbobi biyu da suka ce sun riga sun tsufa da gudun mutuwa. Abin takaici ne, kuma abin kunya ne. Oumarou bai san dalili ba, don Hajjo ta hana a gaya masa. Cewa yake yi aiki ya yi wa mutane yawa, haka Amurka take.

Da jikin ya ƙara tsananta, Hajjo ta kira Maitama a waya. Ba ta yi masa doguwar gaisuwa ba.

"Maitama, maigidan ya bar cin abinci. Sunanka ɗai yake kira. In za ka zo, ka zo."

"Hajiya, ai muna kan duba lamarin a matakin kwamiti..."

"Ban kira kwamiti ba. Kai na kira."

Tsoro na daji, kunya na gida, shi kuwa Maitama duka biyun suka haɗu a kansa. Ya ce ta gaya wa Malam yana tafe ranar Asabar. Daga nan ya wuce kantin kayan gini, domin babban mutum ba ya zuwa wuri ba shiri. Ya sayo farar rigar leda irin ta masu fenti, mai rufe mutum daga ƙafa har ka. Ya haɗa da safar hannu ta roba ruwan ɗorawa, da gilashin kare ido, da abin rufe hanci mai bututu biyu. Asabar da hantsi ya faka a gaban gidan, ya cire babbar riga da hula ya bar su a mota, saboda a bincikensa zare yana shan tururi. Ya shige cikin leda, ya ja zif har wuya, ya hau bene yana huci, na'ura a hannu.

Hajjo ta buɗe ƙofa. Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta gane shi da tumbin. Ba ta ce masa sannu ba, ba ta kuma sanar da maigidan ko wa ya zo ba. Ta dai matsa gefe.

Oumarou yana kishingiɗe a falo, a daidai inda katifar Maitama take a da. Ya sa an yi masa wanka tun da safe, an sa masa farar jallabiya, an ajiye kujera dab da shi da kofin shayi biyu. Ya rame har ƙasusuwan kafaɗarsa sun fito. Maitama ya ga haka zuciyarsa ta karye, amma ƙafarsa ba ta wuce bakin kafet ba. Daga can ya miƙa na'urar gaba, ya fara jawabin da ya shirya, a madadin kansa da kwamiti da ɗaukacin al'umma. Abin da ke fitowa ta bututun bai wuce gunjin mai magana a cikin tulu ba.

Dattijon ya ɗago kai da ƙyar. Ya ƙanƙance ido yana kallon farin abin da ke tsaye a ƙofa yana nuna lungunan ɗaki da wani ƙarfe. Ya daɗe yana kallo, sannan ya juya wajen matarsa.

"Hajjo, ba mai feshin kyankyason nan haƙuri, ki ce mishi shi komo wata rana. Yau baƙo gare ni. Maitama ya ce shina tahe."

Na'urar ta yi ƙas-ƙas. Hajjo ta zuba wa Maitama ido tana jira. Abu ne mai sauƙi, ya zare abin hancin nan, ya taka kafet, ya zauna a kujerar da aka ajiye dominsa. Hannunsa ya tashi har ya taɓa igiyar da ke bayan kunnensa, ya tsaya a nan. Na'urar ta sake yin ƙas. Hannun ya sauko.

"No problem, sir," in ji Injiniya Maitama, cikin muryar da ba tasa ba.

Hajjo ta buɗe masa ƙofa. Yana cikin sauka daga bene ya jiyo dattijon yana cewa a ɗumama shayin nan, kada yaron ya zo ya tarar ya huce.