Rasuwar Gwaggo, Mai Hango Sanyin Siberiya

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, iyalan Malam Muntasir Abdulgani, ɗalibin digiri na uku a fannin hasashen yanayi, mazaunin titin Jalan Semarak a nan ƙasar Malay da muke karatu, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsa ta cinya, wadda kowa ya sani da Gwaggo. Ta cika ranar Juma'ar da ta gabata, gab da la'asar, a kan teburinta, kusa da taga.

Babu wanda ya san shekarun marigayiya na gaskiya. A Kano Malam Muntasir ya same ta, kuma mai shagon ya rantse masa cewa wata Baturiya ce ta taɓa riƙe ta, ita ma ba ta daɗe ba ta ajiye. Uwargidansa Ruƙayya ce ta raɗa mata suna, saboda ba ta taɓa yin aiki ba sai ta yi mita tukuna. In aka kunna ta sai ta ce ƙirrr, ta yi shiru kamar ta fasa, sannan fankarta ta ja dogon numfashi, fuuuu, ta buɗe ido.

Aikin da ta yi wa maigidanta ba ƙarami ba ne. Duk ƙarshen shekara, wata iska mai tsananin sanyi takan taso daga Siberiya, ta gangaro ta China, ta ratsa teku tana ɗibar ruwa, ta zo ta juye shi a gaɓar gabashin ƙasar nan, a jihohin Kelantan da Terengganu, da guguwa da ambaliya. Binciken Malam Muntasir shi ne gano ranar da wannan baƙuwa za ta iso. Shi mutumin Gusau ne, bai taɓa ganin ƙanƙara ba sai a firji. Amma da ya zauna gaban Gwaggo, sai ka ji yana ba da labarin sanyin Siberiya kamar a can aka yanke masa cibiya, gumi kuwa na tsiyaya daga haɓarsa.

Ita ma marigayiya ta ƙare rayuwarta tana lissafin sanyi ba tare da ta taɓa ɗanɗana shi ba. Jikinta kullum zafi rau. A gefen fankarta Ruƙayya ke shanya safar makarantar 'yarsu Nuriyya, a nan kuma maigidan ke ajiye kofin shayinsa don kada ya huce. Ba ta taɓa ƙorafi kan wannan ƙarin aiki ba, sai dai mitar da ta saba.

Jama'a ba za su manta da alherin da ta yi musu a Disambar bara ba. Ubale, shugaban ƙungiyar ɗalibanmu, ya shirya wa iyalai yawon hutu zuwa bakin teku a Terengganu, har ya kama bas. Malam Muntasir ya miƙe a taro ya ce Gwaggo ta hango iska na tafe, shi dai iyalinsa ba za su ba.

Ubale ya ce, "Haba Malam! Tsohuwar da sai an lallashe ta take tashi, ita za ta hana mu cin kifi a bakin ruwa? Dubi rana mana!"

Ruƙayya ta ce ba ta zuwa, sauran mata suka bi bayanta, tafiya ta rushe. Mako guda rana na ƙwallewa, Malam Muntasir kuma ya daina zama shagon shayin da ake kira mamak saboda tsiyar da ake masa. A gida yakan tsura wa Gwaggo ido, yana tunanin ko ta kunyata shi. Ranar da aka sa za a tafi, ruwa ya sauka a gaɓar gabas, hanyoyi suka yanke, aka yi ta kwashe mutane daga gidajensu. Washegari Ubale ya zo da kansa, ya durƙusa gaban teburin, ya ajiye mata sabuwar fankar da ake sa wa kwamfuta a ƙarƙashi.

Gaskiya ta sa a faɗi cewa marigayiya tana da nata rauni. Tana iya hango iska tun daga Siberiya, amma in Ruƙayya ta tambaya ko wankinta zai bushe yau, amsar takan zo ne bayan an kwashe shi a jiƙe. Da tsufa ya kama ta, akwai lokacin da ta sanar da hadarin Talata ranar Alhamis. Malam Muntasir ya kare ta da cewa ai dai ba ta yi ƙarya ba.

Ta daɗe tana jinya. Batirinta ya riga ta tafiya, ta koma rayuwa a jikin soket. Wuyanta ya saki, aka tallafe shi da kwalin madara. Likitanta Najib, wani Bamale ɗan ƙasar nan mai gyaran kwamfuta, duk lokacin da aka kai ta sai ya girgiza kai, sannan ya ce boleh, wato za ta yi.

A makon ƙarshe, maigidanta ya ɗora mata lissafin babin ƙarshe na kundin digirinsa, wanda malaminsa ke jira ranar Litinin. Ranar Juma'a zazzaɓinta ya yi tsanani, fankar na kuka wiiii ba tsayawa. Tausayi ya kama shi, ya buɗe mata taga ta sha iska, ya duba sama ya ga garau, ya tafi masallaci a Kampung Baru. Ruƙayya da Nuriyya suna kasuwar Brickfields sayen kayan miya. Bayan salla ya tsaya cin abinci, yana tsakiyar loma gari ya yi baƙi. Ya bar farantin ya fita da gudu cikin ruwa, takalmi a hannu. Ya iske labule na ɗiga, teburin ya zama tafki. Yana ɗaga ta, ta ce ƙit, ta yi shiru.

Aikin shekarunsa duka yana cikinta, bai ajiye a ko'ina ba, duk da gargaɗin da Ruƙayya ta sha yi masa. Ya naɗe ta a tawul ya kai wa Najib. Wannan karon Najib bai ce boleh ba. Ya kwance ta a hankali, ya ciro ƙwaƙwalwarta ya jona a wata kwamfutar, Malam Muntasir na tsaye ya kasa kallo. Komai na nan. Har lissafin babin ƙarshe ta gama, ta adana shi, kafin ruwan ya kai gare ta. A nan ne, a gaban mutane, dattijon ɗalibi ya zauna a kan benci ya share hawaye.

Ta rasu ta bar maigidanta, da caja guda mai ɗaure da salatif, da jaka mai mataccen zif, da Nuriyya, wadda har yanzu take tambaya da Malayanci ina finafinan katun ɗinta suka tafi.

Za a raka gawar zuwa wurin karɓar matattun kayan lantarki ranar Asabar da hantsi, a motar Ubale, wanda ya roƙi alfarmar ɗaukarta. Zaman makoki a gida, akwai shayi da fanke, kuma ana roƙon masu ta'aziyya kada su yi maganar taga. A cikin abin da marigayiya ta bari an sami hasashenta na ƙarshe, wanda ya ce ranar Asabar ba za a yi ruwa ba. Malam Muntasir ya ce zai fito ba lema. Iyali suna roƙon sauran jama'a kowa ya zo da tasa, amma a ɓoye ta cikin jaka har sai ya juya baya.