Ubangida Biyu A Cikin Ordinater Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tara jama'a da bakina, kuma bakin nan dai ya kayar da ni a gabansu, a shagon hoton taubashina Ilu da ke bayan tashar Tasawa. Ni malamin makaranta ne, mushe kamar yadda ake kiranmu, kuma a unguwarmu duk wanda wayarsa ta ƙi kamawa ko rediyonsa ta shaƙe, wurina yake zuwa. Ina gyarawa kuwa, ba yabon kai ba. (To, da ɗan yabon kai.)

Ilu ɗan kawuna ne. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, kuma kowa ya san hukuncin wasan taubasai: ɗan mace shi ne bawa. Tun muna yawo ba wando Ilu bai taɓa kirana da sunana ba. Ko a gaban ɗalibaina ya gan ni sai ya ɗaga murya, "Bawana, an tashi lakwal?" Ni kuma ban taɓa amsa wannan suna ba, kuma da haka nake taƙama a cikin dangi.

Yana da wata tsohuwar ordinater, wato kwamfuta, irin mai ƙaton akwati da ake ajiyewa ƙarƙashin tebur. Diskinta, wato rumbun da take adana komai a ciki, ya cika maƙil, har in zai sa hotunan wani biki sai ya goge na wani suna. Abu ɗaya ne ba ya taɓawa: bidiyon kakarmu. Shi ya ɗauke ta a Urafane shekarar da za ta rasu, tana zaune kan tabarma tana tsintar wake, tana lissafa wa ya haifi wa a zuriyarmu, tana yi wa kowa shaƙiyanci da sunansa. Babu wannan bidiyo a ko'ina sai cikin diskin nan. Kullum muna cewa za a kwafe, kullum sai gobe.

Da taron malamai ya kai ni Maradi, sai na shiga kasuwa na samo diski babba, na hannu amma mai lafiya, irin wanda zai shiga tsohuwar na'urar. Mai shagon yana naɗe mini shi ya ce, "Mushe, ka dai san zancen maître da esclave ko?" Motar Tasawa na ta danna oda a waje. Na ce, "Haba, ni za ka koya ma faransanci?" Na karɓi kayana na yi gaba.

Ranar Asabar bayan la'asar na isa shago da turnabis, abin kwance ƙusa, a aljihun gaba, yadda kowa zai gani. Ƴan fadar shayi da ke zama a bakin shagon suka shigo kallo, ni ma na ce su matso, ilimi ba a ɓoye shi. Na kwance akwatin, na hure ƙura, na kori gizo-gizon da ya yi shekaru yana haya a ciki. Sannan na zaro tsohon diski, na ɗaga shi da sabon, ɗaya a kowane hannu, kamar ina gaban allo.

"Wanga tsoho mai tari, Ilu ne," na ce. "Wanga sabo mai ƙarfi kuwa, ni ne."

Aka yi dariya, kaina ya ƙara girma. A gindin kowane diski akwai wata ƴar roba da ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, tana zaune kan ƴan ƙusoshi, da ɗan zane mai nuna ma'anar wurin da aka sa ta. Na leƙa sama-sama, na ga dukansu biyu a kan maître suke. Daɗi ya kama ni.

"Kun gani? Maître. Malami ke nan, ubangida ke nan. Har ƙarfe ya san matsayina. A aikina babu bawa."

Ilu ya ce, "Yi dai mu gani, bawana."

Na haɗa su biyun a kan waya ɗaya, mai faɗi kamar ɗamara, na yi bisimilla na danna. Fanka ta juya, na'ura ta yi ƙara ɗaya, allo ya tsaya baƙi ƙirin. Can sai ga ɗan farin rubutu yana cewa ba ta ga diski ba. Ba sabon kaɗai ba, har tsohon. Na kashe na kunna. Na ce ƙila kuran, wato wutar lantarki, ne ya yi rauni, alhali ga ƙwan lantarki yana haska mini zufar goshi. Wani daga baya ya raɗa wa na kusa da shi, "Ya ƙone ta," raɗar da har masu wucewa a titi suka ji.

Sai Ilu ya matso kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Mushe, Kaka tana nan ciki dai ko?"

"Mushe" fa ya kira ni. Tun da aka haife mu ranar ya fara girmama ni, kuma wallahi da ya zage ni ya fi mini sauƙi. Na ji tsoro na gaske, don na san in muryar tsohuwar nan ta ɓata, a hannuna ta sake mutuwa, kuma ban san da wace fuska zan shiga gidan Kawu ba.

A cikin wannan tsoron ne maganar mai shagon Maradi ta dawo mini. Na ciro tabarau (da ma ban sa ba ne don kada a ce na tsufa), na duƙa kan zanen. Nan take na gane, kuma ku rubuta mini wannan, ni kaɗai na gane, babu wanda ya taya ni. Diski biyu a waya ɗaya, dole ɗaya ya ja gaba, ɗaya ya bi. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Tsohon shi ke tayar da na'ura, don haka ubangida yake. Saura a san wanda zai sauka.

Na so in matsar da robar a ɓoye, farcena ya ƙi kamawa. Na ce a ba ni allura. Ilu ya dafa akwatin da hannu biyu.

"Ba ka ƙara taɓa ta sai ka hwaɗa mani mi za ka yi."

"Sabon zan maida esclave."

"Yi mani da Hausa, mutane su ji."

Na dubi ƙofa, ta cika da mutane. Na ce, "Bawa."

"Wane ne sabon, in ji ka ɗazu?"

Shekara da shekaru ina tsare bakina daga wannan kalma, ga shi da ƙafata na tafi Maradi na sayo ta. Na sunkuyar da kai na ce, "Ni ne."

Babu wanda ya yi dariya tukuna. Na ɗaga robar da bakin allura, na zaunar da ita inda zane ya nuna, na danna. Fanka ta juya, allo ya kawo haske, ga diski biyu sun bayyana, tsoho da sabo. Ilu ya ture ni ya buɗe bidiyon. Sai ga Kaka da faifan wakenta tana cewa, "Kai mai ɗaukar hoto, matsa can, ka tare mani iska."

Sannan shago ya fashe da dariya. Ilu yana dariya yana share hawaye da hular kansa, yana bugun bayana yana cewa, "Bawana ya yi aiki, ku ba shi shayin farko." Ni ma idona ya cika, na ce ƙurar akwatin ce. Kafin magariba na kwafe Kaka a sabon diskin, na kuma sa ta a wayoyin duk dangin da suka leƙo. Yau har ƴan uwanmu na Mayahi suna jin muryarta, kuma aikina ne, ko Ilu bai musa ba.

Har yanzu ina gyara wa unguwa kayansu, kuma har yanzu na iya. Sai dai na koyi in fara karanta ƙaramin rubutu kafin in yi babbar magana. In kuwa taubashi ne ya kira ni aiki, to, ƙofa a rufe nake yi, masu shayi su jira sakamako a waje.