Rasuwar Faifan da Na Wanke

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannu mai warin sifirit, nake sanar da rasuwar wani faifan garmaho, wanda ya cika ranar Talata da hantsi a ɗan kamfaninmu na farfaɗo da tsoffin waƙoƙi da ke garin Montreuil, yana da shekara tamanin da bakwai.

Marigayin ba shi da wa, ba shi da ƙane. A cikinsa wata tela mai suna Fernande ta rera waƙa ɗaya tak a 1937. 'Yarta, Madame Odile, ita ta ba mu aronsa mu kwafe mata, don garmahonta ya daɗe da mutuwa, rabonta da muryar mahaifiyarta shekara talatin.

Mai haƙuri ne. Ya ga yaƙi a ƙarƙashin katifa, ya yi ƙaura sau shida, ko tsagewa bai yi ba. In an ɗora masa allura sai ya ce shhh-ƙas, shhh-ƙas, sai ɗan gyaran murya, sannan waƙar.

Ga yadda ciwon ya faro. Maigidanmu Monsieur Thibault, wanda ba ya taɓa faifai sai da farar safar hannu, ya ce wannan ƙas-ƙas ɗin numfashin zamani ne, har ya rubuta shafi arba'in a kansa. Ni da ban yi makarantar kiɗa ba na leƙa na ga dauɗa ce. Dauɗar ce kuwa. Na ce bari in wanke kafin a kwafa, in ga ta inda zamani zai yi numfashi. Na jiƙa auduga da sifirit na goge shi. Ashe faya-fayan dā da wani irin ƙaro ake yin su, sifirit kuma narkar da shi yake. An rubuta haka ɓaro-ɓaro a bangon ɗakin aikinmu. Monsieur Thibault ne ya rubuta, shi ya sa ban taɓa karantawa ba.

Bai yi doguwar jinya ba. Audugar ta yi baƙi, layukan faifan suka shafe. Na ɗora allura, ya ce fuuu, shi ke nan.

Ya rasu ya bar jakarsa ta takarda, da shafi arba'in marayu, da ni.

Maigida ya ba da shawarar a ce tsufa ne ya ci shi, har ya tsara jimlar, mai daɗi kuwa. Ban karɓa ba.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis ƙarfe huɗu a gidan Madame Odile, hawa na uku. Ba a buƙatar furanni, ba a buƙatar jawabi. Ba ta sani ba tukuna: ta ce za ta gasa kek, ta tara jikoki su ji muryar mahaifiyar kakarsu. Ni zan ɗauki gawar, ni zan ƙwanƙwasa ƙofa.

Solène Kerbrat, wadda ta yi wankan.