Motar da Ake Ja Don Kada Ta Tsufa

"Ni da mota, ai sai dai in koya wa wanda ya ƙera ta," in ji Na-Iya, ranar da ya shigo layi da sabuwar a-kori-kurarsa fara fat, ko ledar kujeru bai cire ba. "Irin wannan ba a sa mata giya da hannu. Otomatik ce, da kanta take tunani. Kuma ko ita ta san a hannun wa ta faɗo."

Abokina, in ba ka san Na-Iya ba, ka huta. Gajere ne mai tumbi, ya yi shekara da shekaru yana tsaron sito a wani kamfanin fenti, amma in ka ji yana bayani kan inji sai ka rantse shi ya koya wa jirgin sama tashi. Ba a taɓa kawo zance gabansa ya ce bai sani ba, shi ya sa sunansa na yanka ya ɓace, har 'ya'yansa in suna gulmarsa Na-Iya suke cewa. Da ya yi ritaya sai ya tattara duk abin da aka sallame shi da shi ya zuba a motar nan, bai bar ko na sayen tsintsiya ba.

Ba kuma a banza ya yi ba. Akwai wani attajiri da ake kira Mai Ƙanƙara, wanda ke faɗaɗa masana'antarsa, ya ce da zarar an gama kafa sabon inji zai ɗauki a-kori-kura guda ta riƙa rarraba masa kaya a gari. Sharaɗinsa ɗaya: mota mai lafiya wadda ba ta sha tafiya ba, don ƙanƙara ba ta jiran bakanike. Wannan aiki Na-Iya ya ƙwallafa wa rai, don in ya kufce masa ba shi da wata madafa.

Matarsa ma ba ta ɓoye masa ba. "Baban yara, in aikin nan bai samu ba, wallahi sai dai ka bi Auta kasuwa kana taya shi lodi."

"Ni? In bi Auta? A wannan gwangwanin nasa?"

Auta ƙanensa ne, mai dakon kaya da wata tsohuwar a-kori-kura da ake kira Gwaggo. Ƙofarta da waya ake ɗaurewa, tarinta kuwa tun daga bakin titi ake ji. Shekarun da Na-Iya ya yi yana yi wa Gwaggo ba'a sun isa a yaye yaro a sa shi makaranta.

To, ga inda gizo ke saƙar. Na-Iya yana so kullum a gan shi cikin motarsa a majalisar abokansa da ke bakin babbar kasuwa, can ɗaya gefen gari. Amma duk zuwa da dawowa sai ya ga lambar mita mai ƙirga tafiya ta ƙaru, gabansa ya faɗi. Lambar nan ita Mai Ƙanƙara zai duba, ita ce kuma in ta kai wani mataki garantin kamfani ya ƙare. Ya bar ta a gida, zuciyarsa ta ƙi. Ya fita da ita, mita ta ci. Har ramewa ya fara yi, in ka cire tumbin.

Wata safiya ya fito daga wanka yana murmushi shi kaɗai, ya aika a kira Auta.

"Kai, ba kullum kasuwa kake zuwa ba?"

"Haka ne, Yaya."

"To, daga yau za ka riƙa ja na. Na gano cewa in inji a kashe yake, mita ba ta ƙirge. In sa ta a firi, ba giya, in ɗaura igiya, mu tafi. In mun kai kwanar ƙarshe in kwance igiya, in tayar da inji in shiga majalisa da ƙafafuna. Ba mai, ba mita. Mota na yawo amma ba ta tsufa."

Auta ya sosa ƙeya. "Yaya, na ji kamar ana cewa irin waɗannan ba sa son ja."

"Wa ya ce? Masu gwangwani irinka? Kai ka san kuloci, ni na san kimiyya. Ɗauko igiya."

Abin da babba ya ce, ƙarami ba ya musu, balle ga alkawarin rabin kuɗin mai, wanda har yau Auta bai ga ƙeyarsa ba. Aka fara. Gwaggo a gaba tana tari tana tuttular hayaƙi, amarya a baya tana bi shiru, Na-Iya a ciki ya hakimce da baƙin tabarau.

Sai dai in inji a kashe yake, komai na motar sai ya yi yaji. Sitiyari ya yi tauri kamar an dasa shi da siminti, birki sai ya miƙe tsaye a kansa kafin ya kama. Na'urar sanyi ba ta aiki, shi kuma ba zai sauke gilashi ba don kada a ce motarsa ba ta da sanyi. Haka zai iso majalisa jiƙe sharkaf, ya fito yana cewa, "Kai, sanyin motar nan ya yi yawa, har zufa yake sa mutum." Ranar da ya ƙwala wa Gwaggo goshin motarsa ta baya a gangara, bai daddara ba, sai ya rataya tsohuwar taya a gaban motar ya ce ado ne na zamani. Ɗaurin igiya kuwa ya ƙware a kai, don bai yarda Auta ya taɓa masa mota da hannunsa mai baƙin mai ba. Da kansa yake durƙusawa ya ƙulla, ya ja, ya tofa yawu a tafi ya ƙara ja.

Watanni suka tafi a haka, mita na nan kamar an yi mata asiri. Sai motar ta fara wasu halaye. In ya tayar da ita a kwana ya sa giya, sai ta yi jim, sannan ta zabura kamar an tsikare ta.

"Yaya, ka ji wannan fizgar kuwa?"

"Tunani take yi. Na gaya maka mota ce mai ƙwaƙwalwa."

"Ga kuma wani ƙauri."

"Ƙamshin sabunta ne. Ina za ka san shi?"

Ana saura 'yan kwanaki Mai Ƙanƙara ya duba motoci, aka kwance igiya a kwanar ƙarshe kamar kullum. Na-Iya ya murɗa makulli, ya sa giya, ya taka totur. Inji ya yi gurnani kamar zai tashi sama, mota ko gezau. Ya ƙara takawa. Mai sayar da lemo da ke gefen titi ya matso ya leƙa ta taga.

"Ranka ya daɗe, tafiya za ka yi ko tsayuwa?"

Ranar dai majalisa ba ta ga Na-Iya ba. Da igiyar aka wuce da shi kai tsaye kamfanin da ya sayar masa da motar, ya shiga yana zazzaga bala'i, yana buga tebur, yana cewa an sayar masa da mushe. Injiniyan kamfanin, wani dogo mai sanyin murya, ya sa aka ɗaga motar aka zuƙo man giya. Man ya fito baƙi ƙirin, yana wari, da ɓarɓashin ƙarfe a ciki. Ya duba mita, ya sake dubawa, ya cire tabarau ya goge.

"Gaskiya abin da mamaki. Motar da ko ƙwarya-ƙwaryar tafiya ba ta yi ba a ce giyarta ta ƙone haka? Wannan laifin ƙira ne, Alhaji. Ka yi haƙuri. Garanti zai ɗauka, za mu sa maka sabuwa kyauta kafin jibi."

Abokina, da a ce Allah ya sa wa Na-Iya ciwon haƙori a wannan lokacin, da ya tsira. Auta har ya kama hannun rigarsa yana ja a hankali. Amma injiniyan ya yi kuskuren ƙarawa da cewa, "Sai dai tayoyin ne suka ba ni mamaki. Sun cinye kamar sun zaga duniya, mita kuwa ta ce ba ta je ko'ina ba."

Idon Na-Iya ya kawo haske. Tun da ya ƙirƙiro dabarar nan bai samu mai ilimin da zai yaba masa ba, abin yana cinsa a rai.

"Ai nan ne karatunku ya tsaya, namu ya fara," ya ce, ya jawo kujera ya zauna.

"Yaya, mu je mu sha ruwa."

"Rufe mana baki, manya na magana."

Ya warware wa injiniyan komai, tiryan-tiryan, har da kwatanta yadda ake ƙulla igiya. Injiniyan ya saurara har ƙarshe, ya mayar da tabaransa.

"Kullum? Da inji a kashe?"

"Zuwa da dawowa," in ji Na-Iya yana kaɗa ƙafa.

"To, ai irin wannan giyar sai inji na aiki mai ke zagayawa cikinta. Kai kuwa ka yi ta juya ta a bushe, ƙarfe na cin ƙarfe. Garanti ba ya ɗaukar wanda ya yanka motarsa da hannunsa. Amma na gode da bayani, da ba mu taɓa ganowa ba."

Baki shi ke yanka wuya. Da aka faɗa masa kuɗin sabuwar giya, sai da ya nemi ruwan da Auta ya yi masa tayi ɗazu.

Kana tsammani ya saduda? Ina. A hanyar komawa gida ya ɓullo da wata. "Mai Ƙanƙara mita zai duba, ba tsere zai sa mu ba. Ka ja ni da sassafe ka ajiye ni a ƙofar masana'anta, in kwance igiya ka ɓace. In na samu aikin, na karɓi kuɗin somin-taɓi na gyara."

Ranar ta zo. Na-Iya ya sha farar riga, an wanke mota tana walƙiya. Gwaggo ta ja su ta haye dogon hawan da ke gaban masana'antar tana nishi. Na-Iya ya yi wuf ya sauko ya durƙusa zai kwance igiya, amma don tsabar ƙwarewa ƙullin ranar ya ƙi kwantuwa. Yana nan durƙushe yana fama da haƙori da farce, sai ga ƙafafun mutum a gabansa. Mai Ƙanƙara ne da kansa, ya riga kowa zuwa.

Na-Iya ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. "Ranka ya daɗe, ga ta nan. Leƙa ka ga mita, ko jariri ya fi ta yawo."

Mai Ƙanƙara ko kallon farar motar bai yi ba. Ya wuce wurin Gwaggo, ya shafa mata ƙeya, ya leƙa ya ga Auta.

"Kai ne mai wannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Alhamdu lillahi. Watanni ke nan ina hango ka ta tagar ofishina, safe da yamma, kana hawa tudun nan da matacciyar motar can a bayanka, ko sau ɗaya ban ga ka tsaya ba. Motar da ke jan mota kullum, me ƙanƙara za ta yi mata? Ka fara gobe."

Na-Iya ya matso yana gyaran murya. Mai Ƙanƙara ya juyo ya ƙare masa kallo, daga tumbi har gwiwar da ta sha ƙasa, sannan ya dubi ƙullin igiyar ya gyaɗa kai.

"Ka zo da karen motar nan naka ma," ya ce wa Auta. "Ya ɗan manyanta, amma na ga ya iya ɗaurin kaya."