Zoɓon Sudan

A zamanmu na Juma'a a unguwar Jurf, nan ƙasa mai tsarki, ni ne alƙalin zoɓo. Ni nake koya wa abokai su shinshina tukuna, su kurɓi kaɗan, su bar shi ya zauna a harshe.

Ranar da aka taru a gidana, na kurɓa, na lumshe ido, na girgiza kai. "Ya jama'a, wannan karkade ne, zoɓon Sudan. Na gida ba ya yin lami haka."

Maiɗakina ta amsa daga bayan ƙofa: "Dakta, wanda Inna ta aiko maka ne daga gonarta."

Abokina Injiniya Bala har ƙwarewa ya yi don dariya.

Labarin ya kai gida. Har yau, duk mai zuwa Umara daga garinmu sai mahaifiyata ta damƙa masa ƙulli, ta ce, "Kai wa ɗana na Sudan ɗinsa."