Ranar da Na Rantse Ni Maƙaryaci Ne

Wani mutum ne a unguwarmu, baki gare shi kamar rediyo. Kada in wahalar da ku, ni ne, Mudi. A majalisa kuwa Kwamanda ake ce min.

Shekara da shekaru ina shara musu ƙarya. Wai da ƙuruciya na yi fasa-ƙwaurin bindigogi ta daji, har na mari soja uku a kan iyaka, tas! tas! tas! Alhali ni tafiyata mafi nisa Wudil ce.

Sai Allah ya kawo aikin kula da sito a wani ofishin gwamnati, bayan na daɗe ina zaman kashe wando. Aka ce sai jami'an tsaro sun tantance ni. Na cika fom ina hura hanci, na ce su bincika har kakannina.

Suka kuwa zo unguwa, suka tarar da aminina Ilu mai faci. Shi a ganinsa taimakona zai yi. Ya gyara zama, ya ce ai Kwamanda ba ƙaramin mutum ba ne. Soja uku suka zama bakwai, bindigogi suka cika tirela.

Bayan kwana biyu sai ga takarda, wai an dakatar da fayil ɗina, in zo in yi bayani. Ga aiki zai suɓuce, ga ɗauri ina hangowa. Na garzaya wurin wata lauya, Barista Asabe. Ta saurare ni tsaf, sannan ta cire tabarau.

"Malam Mudi, ka taɓa riƙe bindiga?"

"Ko ta harbin tsuntsu, ranki ya daɗe."

"To sai ka yi takardar rantsuwa a kotu cewa ƙarya kake yi. Ka kawo shaidu biyu."

"Ba za a rubuta 'kuskure' ba?"

"Ƙarya za a rubuta."

Na fito ina tunanin wa zai iya kallon idona ya ƙaryata ni. Ranar kotu mutum talatin suka zo, har da layi. Surukina gonarsa ya bari ya taho a keke. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Aikin dai na samu. Amma har gobe shaidar matata Talatu tana cikin fayil ɗina na gwamnati, da hatimi. Magatakarda ya tambaye ta ko mijinta ya taɓa marin soja, ta ce:

"Soja? Ranka ya daɗe, ko ɓera ya shigo ɗaki ni nake kashewa. Shi yana tsaye a kan gado yana nuna min inda ya bi."